Shirun Kelepi a Cikin Tanki

Shafi na 17

Ku da kuka cika min waya da saƙo wai na kashe Kelepi, ku sha ruwa ku zauna. Ni ban ce ya mutu ba. Cewa na yi an tsinci takalminsa ƙafa ɗaya a bakin teku.

*

Gari ya waye a ƙauyen Fangamotu babu zakara ko ɗaya da ya yi cara, don guguwar jiya ta kwashe kaji har da akurkinsu. Zauren coci ne kaɗai ya rage da rufi, shi ma rabi. Mutum sama da ɗari biyu ne cunkushe a ciki kan jiƙaƙƙun tabarmi, kowa yana shafa kan nasa yana gode wa Allah.

Ban da Pisila. Ita nata ɗaya ne tal a duniya, ƙaninta Kelepi, kuma shi kaɗai aka nema aka rasa.

Tana zaune jingine da bango, takalmin a cinyarta. Silifa ce ta roba, ƙafar hagu, an ɗaure inda ta tsinke da zaren kamun kifi. Sai ga Lesieli, matar Kelepi, ta ratso mutane da 'yarta Pepe a kafaɗa, ta zo ta tsaya mata a ka. A garinmu matar ƙane ba ta tsayawa a kan yayar miji, durƙusawa take yi tun daga nesa. Yau Lesieli ba ta durƙusa ba.

"Ba ni takalmin mijina."

"Zauna mu yi magana, Lesieli."

"Shekara uku ba ki ce min in zauna ba. Sai yau?"

"Mutane na kallonmu."

"Su kalla! Ni ma jiya na kalla." Muryarta ta yi ƙasa, amma kowa ya ji. "Na gan ki."

Pisila ta ɗago kai. "Kin ga me?"

"Na ga kin gan shi."

Gaskiya Lesieli ta faɗa, Pisila ma ta sani.

Jiya da la'asar, da iska ta fara ɓamɓare kwanon rufi, Kelepi ya kawo matarsa da 'yarsa zaure ya koma ɗaure jirginsa. Da ya dawo ya turo ƙofa, jiƙe sharkaf, Pisila ce kwance daidai bakin ƙofar, ciwon baya ya kwantar da ita. Ko yaron goye ya san namiji ba ya shiga inda 'yar'uwarsa take kwance. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ta tashi zaune kawai, ta ja zani ta rufe ƙafa, shi ke nan ya wuce ɓangaren maza. Ta dube shi, ya dube ta. Sai ta juya fuskarta bango. Shi kuwa ya ja ƙofar a hankali ya koma cikin iska.

"Na ɗan lokaci ne," in ji Pisila, hawaye na zuba. "Cewa na yi bari ya ɗan tsaya a waje ya ji yadda wulaƙanci yake. Ina juyowa babu shi."

"A cikin waccan iskar? Wadda ta ɗauke motar asibiti ta jefa cikin ayaba?"

"Lesieli..."

"Duk a kan suna! Suna kawai!"

Ai kuwa a kan suna ne, kuma kada wani ya ce ƙaramin abu ne. A nan gwaggo ce ke raɗa wa 'ya'yan ɗan'uwanta suna, ba uba ba, ba uwa ba. Pisila tana Auckland, can ƙasar waje, tana aikin kula da tsofaffi aka haifi yarinyar. Ta kwana uku tana zaɓen suna, sai aka gaya mata a waya wai an riga an sa Losa, sunan uwar Lesieli. Tun daga ranar ko kifi aka aiko daga gidan Kelepi, da kwandon ake mayarwa. Ta dawo gida ta ci gaba da fushinta, kuma ita Pisila in ta riƙe abu, sai dai hannu ya gaji.

"In teku ta cinye shi," in ji Lesieli, "ke za ki gaya wa yarinyar nan dalili. Ba ni ba."

"Ku rufe mana baki haka nan!"

Tsohuwa Nenisi ce ta shigo tana dogara sanda, zaninta duk taɓo. Ta fita tun da sassafe neman aladenta.

"Akwai mai buga tsohon tankin ruwan nan na bayan coci. Daga ciki."

Wani daga ɓangaren maza ya yi dariyar takaici. "Haba Iya Nenisi. Ke da ba kya jin ƙararrawar coci?"

"Wa ya ce maka da kunne na ji, ɗan banza? Jingina na yi ina hutawa, na ji gum, gum, gum a ƙashin bayana."

Pisila ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ciwon bayan da ya kwantar da ita jiya ko tuna shi ba ta yi ba. Ta fita a guje da silifar a hannu, ta tsallake kwanon rufi da kwakwar da ta zube da gawar wani akuya, mutane na bin ta a baya.

"Kelepi! Kelepi!"

Rabon da sunan ya fito daga bakinta shekara uku ke nan.

Tankin na siminti ne, ya fi mutum tsawo, ya tsage tun bara aka daina tara ruwa a ciki. Tsohuwar bishiyar mangwaron coci ta tumɓuke ta kwanta a kansa, daidai kan murfin. Pisila ta manna kunne a jiki tana dukan simintin da tafin hannu.

"Kelepi! Ni ce! Ka amsa!"

Shiru.

Faifekau Manase, limamin cocin, ya ɗauki dutse ya ƙwanƙwasa sau uku. Babu abin da ake ji sai teku tana ta surutunta kamar ba ita ta yi ɓarna jiya ba.

"Iya Nenisi," in ji Faifekau a hankali, "wataƙila reshe ne ke motsi."

"Reshe ne ke ƙirga uku ya huta?"

Maza suka watse suka koma duba bakin ruwa. Lesieli ta zauna daɓas a ƙasa ta rungume 'yarta. Pisila ta ja ƙafa ta nufi teku. Ba ta kai rairayi ba ta ji ihun tsohuwar.

"Ga shi nan kuma! Ku zo! Ga shi nan!"

Ta juyo a guje.

"Kelepi! Ƙanina! Kelepi!"

Shiru.

Wannan karon har Lesieli ta ji bugun kafin ya tsaya. Ta miƙe tsaye. Wata mata ta ja da baya tana cewa ita fa ba ta son wasa da fatalwa.

Nenisi ta dubi tankin, ta dubi Pisila, ta taɓe baki.

"Ni dai ga abin da na lura. Yana cikin bugawa, ke kina buɗe baki, sai ya daina."

Maganar ta soki Pisila har ƙashi. Ashe haka ne. Yana ciki, yana jin ta, ya gwammace ya mutu a rami da ya amsa mata. Wannan yaron da ta goya, ta yi wa wanka, ta tauna masa rogo yana jariri bayan rasuwar uwarsu. Tun yana shekara goma aka mayar da shi bukkar samari kamar yadda ake yi wa kowane ɗa namiji, ba ta ƙara taɓa kansa ba, amma kullum sai ta ware masa kan kifi ta aika. Yau ga abin da fushinta ya jawo mata. Ta ɗaga kai sama don kada hawaye su sake zubowa a gaban jama'a.

A nan ta gan shi.

Can saman reshen mangwaron wani shuɗin ƙyalle ne ke lilo. Tupenu ne, zanin da mazanmu ke ɗaurawa, kuma ta san shi, don shi ne a jikin Kelepi jiya a bakin ƙofa. Ta sauke ido kan tsanin ƙarfen da ke jikin tankin. A ƙusar saman tsanin ga rabin gajeren wando a maƙale, an tsarge shi tun daga ƙugu.

Pisila ta tsaya tana kallo. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Wayyo, ta zauce," in ji matar nan mai tsoron fatalwa.

Dariya ce. Dariya take yi tana kuka, har da riƙe ciki.

"Wannan yaro! Wannan shashashan yaro!"

"Pisila, lafiya?" in ji Faifekau.

"Ku ba ni hanya."

Ta wuce su, ta yi tafiya mai ɗan nisa har gindin wata kwakwa da iska ta yi wa aski, ta juya wa tankin baya, ta fuskanci teku. Sannan ta cika ƙirji da iska ta yi magana da sararin Allah.

"A gaya wa wanda ke cikin tanki cewa yayarsa ta tafi! Ta yi nisa! Ta ba da baya, teku take kallo, kuma ba za ta juyo ba!"



Sai wata murya ta fito daga cikin simintin, a dushe, a ladabce, kamar mai tambayar hanya.

"Faifekau... don Allah a taimaka min da zani."

Kai! Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Lesieli ta ƙwalla ƙara ta faɗi a jikin tankin tana dukansa da hannu biyu.

"Kelepi! Kana da rai kake jin mu ka yi shiru? Ni ma ba ka ji muryata ba?"

"Na ji. Ai yayata tana kusa."

"Tun safe muke kuka!"

"To ya zan yi? Kuna buɗewa ita za ta fara leƙowa. Kin san halinta."

"Allah ya shirye ka! Ka ji ciwo?"

"Ƙafa ce kawai ta ɗan yanke. Ruwa iya gwiwa. Akwai wata ƙaguwa a nan, mun saba."

Maza suka dawo da gudu da adduna da zarto. Pisila ba ta ga komai ba, ta yi alkawari. Da kunne ta bi aikin: saran adda, kukan zarto, "ku ja!", "a'a ta nan!", Nenisi tana ba da umarni kamar ita ta dasa bishiyar. Pisila ta zauna a rairayi. Yana da rai. Ta faɗa a zuci, ta faɗa a fili, ta sake faɗa. Gidanta ya tafi, keken ɗinkinta ya tafi, tabarmin gado da ta tara shekara talatin suna can cikin teku, amma a wannan lokacin ko a jikinta.

Da ta ji an ce murfi ya buɗe, hannunta ya kai kan zanin da ta yafa za ta kwance ta aika. Ashe Nenisi ta biyo ta, sai sandar tsohuwar ta sauka a kan yatsunta.

"Ke! Zanin 'yar'uwa? So kike ya ja murfin ya rufe kansa da kansa?"

Aka nemi zanin namiji busasshe a duk ƙauyen aka rasa. Ƙarshe Faifekau ya shiga coci ya yaye farin ƙyallen teburin wa'azi, mai leshi a baki, ya jefa cikin tankin.

Daga dariyar da ta tashi Pisila ta san ya fito.

"Amarya ta fito!"

"Kelepi, wa ya kai kuɗin aurenka?"

"A yi masa waƙa mana!"

Wata ta ɗauko waƙar godiya ta coci, mata suka amsa, maza suka shigo da manyan muryoyi. Pisila ta yi waƙar ita kaɗai tana kallon ruwa, silifar a ƙirjinta.

*

Kafin rana ta take, an hura wuta a farfajiyar coci. Ana gasa 'ya'yan bishiyar mei, masu kama da doya in sun gasu, waɗanda iska ta kakkaɓe, ana fasa kwakwa, an buɗe naman gwangwanin da aka ciro daga ɓaraguzan kanti. Aladen Nenisi ma ya dawo da kansa, ya sha zagi.

Kelepi na zaune kan kututture, an ɗaure masa ƙafa, har yanzu cikin leshin coci. Ya ba Pisila baya kamar yadda ya kamata. Ita tana kan tabarma taku goma daga gare shi. Lesieli ta zauna a tsakani, don duk maganar da za ta wuce tsakanin su biyun ta bakinta za ta bi.

Pisila ta miƙa mata silifar. "A ba shi."

Lesieli ta karɓa da hannu biyu. Wannan karon ta durƙusa.

Faifekau ya gyara murya. "Kelepi, abu ɗaya ne ban gane ba. An ce ka zo har ƙofar zaure jiya. Me ya hana ka shiga?"

Pisila ta sunkuyar da kai. Rabin mutanen wurin sun ji abin da aka yi da safe. Ta jira.

"Ƙofa ce ta ƙi buɗuwa sosai," in ji Kelepi yana sa takalminsa ƙafa ɗaya. "Iska ta danne ta. Ciki kuma duhu, ban ga kowa ba. Sai na tuna da tanki."

Lesieli ta ɗago ta dubi Pisila.

Ƙarya yake yi. Ido cikin ido suka haɗu jiya. Ya kwana cikin ruwa tsirara da ƙaguwa, ya fito, abu na farko da ya yi shi ne rufa mata asiri. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

Nenisi ta ja Pepe ta ɗora a cinya tana ba ta ruwan kwakwa. "To ke 'yar nan, yau kin samu suna. Tanki za a sa miki. Ko Leshi."

Aka yi dariya.

"A bar yarinya da sunanta," in ji Pisila, tana ƙoƙarin sassauta murya. "Losa ma suna ne mai kyau. Na haƙura."

Dariyar ta tsaya cak.

"Wace Losa?" in ji Lesieli.

"Sunan da kuka sa mata."

"Mu? Wa ya gaya miki?"

"A waya aka gaya min ina Auckland."

Lesieli ta dafe kai. "Wayyo ni! Uwata ce ta zo daga tsibirinsu ta yi ta shela a kanti wai an yi mata takwara. Kelepi ya ce sam. Ya ce 'yarsa tana da gwaggo a raye, babu mai raɗa mata suna sai ita."

"To me ya sa..."

"Na zo miki! Da kika dawo na zo da kwandon doya da tabarma, na durƙusa a ƙofarki zan roƙi sunan. Ban buɗe baki ba kika rufe ƙofa."

"Pepe fa?"

"Pepe ai jaririya ke nan, Pisila!" in ji Nenisi. "Haka ake kiran kowane jariri kafin suna. Ke a ina kika girma?"

"Na ɗauka laƙabi ne ya bi ta."

Faifekau ya girgiza kai. "Ko baftisma ba a yi mata ba. Sau huɗu ina yi wa Kelepi magana, yana cewa a jira. Mu duk garin nan mun ɗauka kin sani, kina riƙe sunan ne don ki hora su."

Pisila ta dubi fuskokin da ke kewaye da ita ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya musa. Shekara uku tana fushi an hana ta sa suna, shekara uku suna jira ta sa.

Kelepi ya yi magana, bai juyo ba.

"Lesieli, ki gaya wa gwaggon yarinya, jiya a cikin tanki abu ɗaya ne ya dame ni. Kada in mutu ban san sunan 'yata ba."

Nenisi ta ɗaga yarinyar ta dire ta a cinyar Pisila. Pisila ba ta taɓa ɗaukarta ba sai yau. Ta fi yadda ta zata nauyi, kuma kunnuwan ubanta ne sak, manya, a baje. Yarinyar ta ɗaga kai tana kallonta, ruwan kwakwa na bin haɓarta.

"To, muna ji," in ji Faifekau.

Sunan yana nan a bakin Pisila, wanda ta zaɓa a Auckland, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ta dubi bayan ƙaninta, farin leshi a kafaɗa, ƙeya duk furfurar da ba ta san lokacin da ta fito ba.

"Zan faɗa. Amma akwai maganar da za ta riga shi fita."

Lesieli ta matso. "Faɗa min in isar."

"Wannan ba ta aike ba ce."

Ta miƙe da yarinyar a hannu. Ta taka ɗaya, ta taka biyu, ta wuce Lesieli.

"Pisila!" in ji Nenisi. "Ina za ki? A gaban mutane?"

Ba ta tsaya ba sai da inuwarta ta faɗa a kan kututturen. Masu fasa kwakwa suka ajiye adduna.

"Kelepi."

Kafaɗunsa suka ƙame.

"Ƙofar nan ta buɗu jiya, kai ma ka sani. Juyo ka dube ni."